Amare Biyu a Layi Ɗaya

Layin Tsohon Famfo da ke Makera a Kaduna ba don motoci aka yi shi ba. Ma'aikatan masaƙa ne suka yanka shi, a zamanin da keke ne ƙarshen arzikin mutum, saboda haka suka bar faɗin da kekuna biyu za su gifta juna a ɗaga hannu a gaisa. Yau kwata ta ci gefe da gefe, masu shaguna sun turo rumfuna, in mota ta shigo sai akuya ta haye dandamali ta jira. Baki ɗaya gare shi, na wajen titi. Can sama katangar layin dogo ce ta toshe shi.

A tsakiyar layin nan aka haifi Sadiya, a nan kuma take zaune har yau, duk da ta zama Dakta tana koyarwa a jami'a. Mutanen layin ba sa ce mata Dakta sai in suna son tsokanarta, domin tuni suka gano ba ta auna hawan jini, ba ta rubuta magani. Yis take bincike a kai, wannan dai yis ɗin da ake zubawa a kwaɓin fanke. Gwaggo Ladi, yayar marigayi mahaifinsu, wadda ta zo daga Zariya don biki, ba ta gajiya da faɗa: "Digiri uku a kan yis, amma har yau fankenta bai taɓa tashi ba."

Sadiya takan yi dariya ta wuce, ba ta da lokacin ramawa. Ƙanwarta Zainab, autar gidan, za ta yi aure, kuma tun rasuwar Inna ita ce yaya, ita ce uwa. Abin da Inna ta bar mata magana ce ɗaya: ki fitar mini da Zainab daga gidan nan kamar ina nan. Sadiya ta ɗauki maganar ta ɗora a ka. Ba tsadar gado ko leshi ke hana ta sakewa ba. Tsoronta kada a samu wata tangarɗa ranar kai amarya, mata su koma gefe su ce da uwarta na raye da haka bai faru ba. Wannan ce maganar da ba ta so ta ji daga bakin kowa, ko da a raɗa.

Ana cikin shiri sai ga labari. Maman Wilson, wadda gidanta ke can saman layi, shugabar matan Zumunta a cocinsu, ita ma ɗanta zai angwance a wannan Asabar ɗin. Sadiya ta ajiye kofin shayi ta riƙe kai. Ta san yadda matan Zumunta ke kawo amarya: motoci su tsaya a bakin titi, a sauko da ita, a jeru biyu-biyu cikin anko, da kiɗan tulu da waƙa, a taka da ita har ƙofar gida. Su za su shigo, motocin Zainab kuma za su fita zuwa Tudun Wada, gidan angonta Sadiƙ.

"To mene ne abin riƙe kai?" in ji Gwaggo Ladi. "In an haɗu su kauce."

"Su kauce ina, Gwaggo? Cikin kwata?"

"Wannan kuma su ya dama. Ni dai abin da na sani, a gidanmu motar amarya ba ta ja da baya, ko taku ɗaya. Tun ana kai amarya a ƙafa ba a taɓa juya ta ba. Wadda aka ja baya da ita, da ƙafarta za ta dawo gidan ubanta."

Sadiya ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. Amma ta ga Zainab ta ɗago kai daga lallen da ake zana mata, ta kuma san dangi. In aka ja motar nan baya, duk ranar da Zainab da Sadiƙ suka saɓa, ko a kan gishirin miya ne, sai an tuno.

Da yamma ta hau saman layi. Ta tarar da Maman Wilson a tsakar gida tana wankin acca, ta ɗaure zani a ƙirji. Ita da Inna aminai ne na gaske. Lokacin da gari ya rikice, layukan kusa suka watse kowa ya bi nasa, su biyun nan ne suka ƙi tashi, kowace ta ce in ɗayar na nan ita ma tana nan.

"A'a, Dakta Yis! Shigo, jawo kujera. Na san abin da ya kawo ki. Ni ma tun jiya nake tunani."

"Mama, abin da ke shirin samunmu, shi nake kallo kullum a wurin aiki."

"A cikin yis ɗin?"

"A cikin yis, a cikin jikinki, har a cikin accar nan kafin a girbe ta. Kin ga jikin mutum, ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi shi, ido ba ya ganinsu. A cikin kowace akwai wani zare da ake kira DNA, an naɗe shi tam. Da za a warware na ƙwaya ɗaya tak, ya fi ki tsawo. A jikinsa aka rubuta komai, launin fatarki, wushiryar Wilson."

"Wushirya ta babansa ce."

"To ta zaren babansa ta biyo. Ma'aikata iri biyu ke tafiya a kan zaren nan. Akwai mai kwafi: kafin ƙwaya ta rabu biyu, dole ya bi zaren ya kwafe shi kaf, don kowace ta samu nata. Akwai kuma mai karatu, shi ɗan yanki yake karantawa ya aika da saƙon abin da jiki ke so a haɗa. Duka biyun a kan zare ɗaya suke tafiya, kuma babu mai fiffike."

Maman Wilson ta tsame hannu daga ruwa. "Sai su yi karo ke nan."

"In suka yi gaba da gaba. Zaren da ke tsakaninsu ya murɗe ya ɗaure, mai kwafi ya cije. In an yi rashin sa'a zaren ya tsinke. In aka ɗinke shi ba daidai ba, kuskuren ya bi 'ya'yan ƙwayar da jikokinta. Ta irin wannan ƙofar ciwon daji kan shigo wani lokaci."

Shi ne ciwon da ya tafi da Inna. Maman Wilson ta tace ruwan acca ta sake wani.

"To me ya hana mu duka mu ƙare?"

"Ai ƙwayar ba zaune take ba. Dabararta ta farko, ta raba musu lokaci da wuri. In mai kwafi zai bi ta wata unguwa, ba lokacin ne mai karatu zai cika hanyar ba."

"Shi ke nan, an gama. Mu za mu shigo da amaryarmu Hadassah bayan azahar ɗinku, ku ku fita bayan la'asar. Tsakanin nan ko raƙumi ne a shigo da shi. Amma ki sani, Sadi, in muka ɗauki waƙa a bakin titi ba ma yanke ta sai a ƙofar gida, kuma layinmu ba ya watsewa. No be today."

Sadiya ta sauko gida zuciyarta fes. Dabara ta yi kyau, babu mai musu. Abin da Dakta ta manta shi ne yis ba shi da fasto, ba shi da mai hoto, ba shi kuma da kawu.

Ranar Asabar aka ɗaura aure da safe, gida ya cika har zaure. Kowa a Kaduna ya san in an ce za a kai amarya bayan la'asar, ana nufin in an yi magariba a fara neman mayafi. Sadiya ba ta san wannan zancen ba. Tun hantsi ta tsaya a kan mai kwalliya kamar sajan, ta raba ƙawaye da madubi, ta ƙwace faranti a hannun abokan ango ta ce su ƙarasa a Tudun Wada. Hadarin da ya haɗo daga wajen Rido ma ya taya ta, don ba mai son ruwa ya taɓa masa gwaggwaro. Ana sallame la'asar aka fito da Zainab lulluɓe, tana kukan da amare ke yi. Tsofaffin layin suka ce tun da aka kafa Makera ba su taɓa ganin an fitar da amarya a kan lokaci ba.

Can coci kuwa, a unguwar Television, kawun amarya ne ya zo daga ƙauye, fasto ne mai ritaya, aka yi masa kara aka ba shi makirfo ya sa albarka. Bawan Allah ya daɗe bai samu taro ba. Ya buɗe wa'azi da yarensu, wani na fassarawa da Hausa, wani na bin bayan wannan da Turanci, kowace magana sai ta haihu sau uku. Da aka samu aka karɓe makirfo, mai hoto ya ce dangin uwa daban, dangin uba daban, 'yan ajin amarya daban. Maman Wilson ta yi ta kiran Sadiya don ta gaya mata sun makara, wayar na can ɗaki a jikin caji, guɗa da janareta sun danne ta. Ita kuma Sadiya da ta tambayi wata ƙawar amarya ko ta ji kiɗan tulu ya wuce sama, yarinyar ta ce kamar ta ji, alhali tun safe ba ta jin komai sai muryar mai ɗaukar bidiyo.

Motoci suka jeru. Sadiya ta shiga gaban motar amarya, Lawal abokin ango na tuƙi, Gwaggo Ladi da wata ƙawa suka sa Zainab a tsakiya. Suka gangara a hankali, yara na bin su da gudu. Suna shan kwanar shagon tela sai Sadiya ta ji abin a ƙirjinta kafin ta ji shi a kunne: dum, dum-dum, dum. Ga matan Zumunta nan sun cika layin daga kwata zuwa kwata, anko shuɗi, ɗankwali fari, tuluna a hammata. Maman Wilson na gaba tana ba da waƙa. A tsakiyarsu ga amarya cikin farar riga mai jela, Wilson na gefenta cikin kwat, gumi har wuya.

Lawal ya taka birki. Matan suka tsaya su ma, amma ba su yanke waƙa ba, suka ci gaba da takawa a wuri ɗaya. Tsakanin hancin mota da ƙafar Maman Wilson bai fi tsawon tabarma ba, kuma kafin ka ce kwabo yara da 'yan kallo sun cika wurin.

Motocin baya suka fara hon. Samarin ɓangaren Wilson suka turo gaba suna ɗaga hannu.

"Ku koma mana! Yanzu fa kuka fito daga gida!"

"Oga, reverse now! Abeg!"

Abokan Sadiƙ suka buɗe ƙofofi suka fito, babbar riga na jan ƙasa. "Mota ce za ta kauce wa mai ƙafa? A ina aka taɓa yi?"

Lawal, mutumin kirki ne mai gudun fitina, ya kai hannu kan giya. Gwaggo Ladi ta miƙo hannu daga baya ta damƙe kunnensa.

"Ka taɓa giyar nan, yaro, ka ga ikon Allah."

Wani ya daki bayan mota da tafin hannu. Wani ya ce wa ya daka. Muryoyi suka fara kauri, irin kaurin da duk wanda ya girma a wannan ɓangaren na gari ya san inda yake kaiwa in an bar shi. A bayan mota kukan Zainab ya canza. Ɗazu na al'ada ne, mai ɗan jan hanci da leƙen waya ta ƙasan mayafi. Yanzu na tsoro ne, irin wanda take yi tana ƙarama in an ɗauke wuta. Sadiya ta ji bambancin. Gaba ba hanya, baya an hana, ga mata a kan dandamali sun fara haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa.

Sai ta ji muryar kanta, wadda take yi wa ɗalibai a aji. Sau nawa ta gaya musu cewa karo ba shi ne bala'i ba? Karo kullum ana yi, a jikin kowa, yanzu haka ma. Bala'in shi ne mai kwafi ya firgita ya wargaje a inda ya cije. Shi ya sa ƙwaya ba ta fara da neman hanya. Tana fara da tsayar da komai, ta aika a ce kada a raba gida sai an gyara. Sannan ta turo masu gadi su lulluɓe zaren da ya buɗe don kada wani abu ya taɓa shi. Sannan ta turo mai sassauta murɗa, ya ɗan yanka zaren, ya bar shi ya warware, ya mayar ya haɗe. Sai bayan an yi wannan ake zancen tafiya.

Sadiya ta miƙa hannu ta kashe motar, ta zare mukulli ta jefa a jaka. Gwaggo ta saki kunnen Lawal.

Sadiya ta fito ta tafa hannu. "Ƙawayen amarya, ku zo nan! Ku kewaye motar nan, ku ba ta baya. Ku kuma abokan ango, kowa ya koma motarsa ya rufe ƙofa. Wanda na sake ganin ƙafarsa a ƙasa, ba shi ba sayen baki."

Wannan ta fi kama su. Suka koma suna gunaguni. 'Yan mata suka yi wa motar zobe cikin ankonsu ruwan goro, kuma ba saurayin da zai ture budurwa mai gwaggwaro don ya daki ƙarfe. Sadiya ta leƙa shagon tela.

"Malam, don Allah buɗe mana ƙofar zaurenka."

Ya buɗe. Ta kaɗa yara da 'yan kallo ciki kamar awaki, wasu suka haye benci, wasu suka leƙo ta taga. Tsakanin mota da mata ya yi fili, iska ta shiga, muryoyi suka sauko. Waƙa kuwa tana nan ba a yanke ba, sai dai ta yi laushi, don masu tulu hannu ya fara gajiya.

Saura tafiya. Nan ma ta san amsar, tun shekararta ta farko a ɗakin bincike. Ƙwayoyin bakteriya, waɗanda suka fi kowa gaggawa, sun shimfiɗa yankunan da aka fi karantawa suna kallon inda mai kwafi ya nufa. In fuska ɗaya aka dosa, ko an cim ma juna ba a gwabzawa. Na baya ya rage gudu, ya bi na gaba, kowa ya isa. Mota ba ta da wurin juyawa a layin nan. Mutum kuwa a kan dugadugansa yake juyawa.

Amma ka ce wa matan Zumunta su juya su fita, a gaban dangin amarya da suka zo tun daga ƙauye, a gaban samarin da ke jiran a ga wa zai sare? An kore su ke nan. Maman Wilson ba za ta iya ba ko tana so. Hanya ɗaya ce za a roƙi abin ya zama girma, kuma hanyar ta bi ta kan maganar nan da Sadiya ta yi watanni tana toshe wa kunne.

Ta taka har gaban Maman Wilson. Ta durƙusa a ƙasa da sabon leshinta, a gaban kowa. Maman Wilson ta yi wa ta bayanta alama ta karɓi waƙar, ta sunkuyo.

"Mama, ba cewa na yi ku kauce ba." Ta ɗaga murya yadda na kan dandamali za su ji. "Zainab ba ta da uwar da za ta shige mata gaba. Ku ne kuka rage mata a layin nan. Ku juya ku fitar mini da ita."

Maman Wilson ta tsaya kamar an dasa ta. Ta dubi motar, ta dubi Sadiya. Ta kama bakin ɗankwali ta share ido, sannan ta ɗago ta da hannu biyu.

"Tashi, ke. Kina so ki sa ni kuka a gaban surukaina?" Ta ratsa cikin mata har wurin amaryarta. "Hadassah, 'yata, yau ranarki ce, ba zan yi miki dole ba. Za ki ara mana hanya mu raka ƙanwarki bakin titi, mu dawo mu shigo da ke sabuwa fil?"

Hadassah ta ɗage net ɗin fuskarta. Yarinya ce mai fara'a, amma a lokacin fuskarta ta wanda ƙaya ta soka ce.

"Mummy, ƙafata ta mutu a cikin takalmin nan tun wa'azin Kawu. In dai za a ba ni wurin zama, ko Abuja ne a je."

Dariya ta fashe daga ɓangaren Zumunta ta tsallaka har cikin zauren tela. Saura Gwaggo Ladi. Sadiya ta leƙa ta taga. Gwaggo ta haɗe rai, ta rungume jaka.

"Waƙar coci a gaban 'yar ɗan'uwana?"

Maman Wilson ta sunkuyo ta ɗaya tagar. "Hajiya, ni na fara yi wa yarinyar nan wanka ranar da aka haife ta, ungozoma ba ta iso ba. Waƙar hanya za mu yi mata, ba wata ba."

"Motar fa?"

"Gaba za ta yi, Gwaggo," in ji Sadiya. "Gaba kawai."

Gwaggo ta ci gaba da taunar goro. Can ta zunguri ƙawar da ke ɗaya gefen. "Ke, fita ki ba amaryar mutane wuri. Ba ki ga ƙafarta ba?"

Shigar da Hadassah mota ya zama aiki. Ita ta shiga, rigar ta ƙi. Mata suka yi ta tura jela ana cusawa, har farin net ya haye cinyar Zainab ya binne Gwaggo Ladi zuwa wuya, ba a ganin komai nata sai ɗankwali da baki mai goro. Hadassah ta cire takalma ta miƙa wa Wilson ta taga, ya haɗa da furen ya rungume. Ta juyo ta leƙa ƙasan mayafin Zainab.

"Sannu, 'yar'uwa. Wa ya yi miki lallen nan? Chai, ki ba ni lambarta."

Mayafin ya fara girgiza, wannan karon ba kuka ba ne.

Maman Wilson ta koma ta ɗaga hannu. Matan suka juya a tare, kamar sun yi wata suna gwaji, na ƙarshe suka zama na farko. Ita ta tsaya daidai hancin mota. Tuluna suka ɗauka da sabon ƙarfi, ba tare da an rasa bugu ɗaya ba, ta sauya baitin a bakinta: ku buɗe hanya, 'yarmu za ta gida, Zainabu za ta gida. Mata suka amsa. Sadiya ta mayar wa Lawal mukulli, ya tayar, ya bi su a giya ta ɗaya, a hankali kamar mai bin jerin agwagi.

Layin Tsohon Famfo bai taɓa ganin irinta ba. Ƙawayen Zainab suka shige cikin shuɗin anko suna koyon takun, suna kuskurewa, ana gyara musu ƙugu. Abokan ango da aka tsare a mota suka mayar da hon ya bi kiɗa. Samarin da ɗazu ke kumfar baki su ne yanzu ke kawar da benci da kwandon tumatir daga hanya. Tela ya fito da tef a wuya yana rawa shi kaɗai a kan dandamali. Matan da ke raɗa suka saki raɗar suka bi ayari. Ana tsakiyar haka wata guɗa ta tsaga layin, doguwa, mai kaifi, irin ta tsofaffin Zariya. Daga cikin tulin farin net ta fito.

A bakin titi aka tsaya, waƙa na ci. Aka zaro Hadassah da rigarta kashi-kashi, ta rungume Zainab, ta tsaya a kan kwalta ba takalmi tana jiran a sake shiga da ita. Maman Wilson ta zagayo ta sa kai ta taga, ta ɗan ɗaga mayafin.

"Zainabu, kin ji ni? Ki ci abinci, kada ki ce kunya. In ya ɓata miki rai ki gaya masa da bakinki, kada ki bar shi a ciki ya yi tsami. In abu ya fi ƙarfinki, kin san ƙofata. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Mama," in ji Zainab, a hankali.

Sadiya na tsaye a jikin ƙofar gaba tana ƙirga motoci da ido, tana duba hadari, tana tambayar wa ya ɗauko akwatin turare. Maman Wilson ta kama kafaɗunta ta juyo da ita.

"Ke kuma ya isa. Kin fitar da ita. Shiga mota ki yi kukanki, tun ranar jana'iza kike bin kanki bashinsa."

Ta tura ta ciki ta rufe ƙofa, ta juya ga matanta, tuluna suka nufi cikin layi da amaryarsu. Lawal ya hau titi ya miƙi hanyar gada. Sadiya ta buɗe baki za ta ce masa ya bi a hankali, sai kuka ya riga ta. Ya zo mata gaba ɗaya, da shessheƙa, da dariya a ciki, har kafaɗunta na rawa. Hannun Zainab mai lalle ya fito daga mayafi ya riƙe nata ta gefen kujera.

Gwaggo Ladi ta tsince wani zaren net daga ɗankwalinta, ta miƙo wa Sadiya gefen mayafinta.

"Ungo, share. Ki yi ki gama kafin mu hau gada, kada dangin miji su rasa wace ce amaryar."